Yadda za ka rage maimaitattun hotuna da tarin folda a waya ba tare da ka goge shaidar ciniki ba

Daga Bauchi nake rubuto wannan bayani, kan matsalar da ke damun duk mai ciniki ta waya: mimori ya cika, waya tana nauyi, an buɗe ma'ajiyar hotuna an ga bijimi ɗaya sau huɗu. A harkarmu ta shanu kusan komai ta hoto ake yi yanzu. A ɗauki sa a Kasuwar Shanu ta Bauchi ko a Soro, a tura wa mahauci a Oko-Oba, ya turo rasit ɗin banki, a tura masa lambar tirela da fentin da aka shafa wa dabbobin. Waɗannan hotuna su ne shaida ranar da gardama ta tashi. Shi ya sa ƙa'idar ita ce, ka fara sanin inda asalin hoto yake, sannan ka goge sauran.

Daga ina maimaicin yake zuwa?

Hoton da ka ɗauka da kyamara yana shiga folda mai suna DCIM, cikin Camera. Wannan shi ne asali. Da zarar ka tura shi ta WhatsApp, manhajar za ta matse shi ta ajiye wani kwafi a WhatsApp Images, cikin Sent. In ɗan'uwanka ya jefa shi guruf ya dawo maka, ga na uku. In ka yi sikirinshot, ga na huɗu a Screenshots. Wanda aka karɓa ta Xender kuma yana da tasa foldar.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. A da foldar WhatsApp a fili take, amma daga Android 11 ta koma cikin Android, sai media, sai com.whatsapp. Mai WhatsApp Business tasa tana ƙarewa da w4b. Wanda ya canja waya daga tsohuwar itel zuwa Tecno ko Infinix, ya kwaso komai, ko ya zura tsohon katin mimori, yakan wayi gari da folda biyu ko uku masu suna ɗaya.

Maimaici iri uku ne

Na farko, kwafi sak. Fayil ɗaya ne aka ajiye wuri biyu, babu bambancin ko ɗigo. Manhaja tana gane su ta hanyar lissafa wata lamba daga cikin fayil ɗin, kamar zanen yatsa. In lambar ta zo ɗaya, abu ɗaya ne ko da suna ya bambanta. Goge ɗaya ba ya cutarwa.

Na biyu, masu kama a ido amma nauyi daban. Asalin kyamara yakan kai megabait 3 zuwa 5, na WhatsApp kuwa sau da yawa bai kai rabin megabait ba. Asalin yana ɗauke da rana da lokacin da aka ɗauka, har da wuri in ka kunna. WhatsApp yana cire wannan bayani. Abin da ya rage shi ne sunan fayil, misali IMG-20240612-WA0007, wato ranar da hoton ya shiga WhatsApp ɗinka, ba ranar da aka ɗauke shi ba.

Na uku, hotunan da aka ɗauka a jere. Ka danna sau biyar a kan sa ɗaya, wani ya nuna ƙaho, wani tozo, wani fentin. Manhaja za ta ce kama suke, amma kai kaɗai ka san wanda ya nuna alamar. Rasit ma haka: na banki ɗaya duk fuska ɗaya gare su, kuɗi da suna da rana ne suka bambanta. Kada ka bar manhaja ta zaɓa maka a nan.

Kayan aiki

Files by Google kyauta ce, ta fito a ƙarshen 2017 da sunan Files Go. Ka shiga Clean, za ta jero kwafi sak, ta nuna wanda take ganin asali. Abin da ka goge yana zama kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi.

A cikin WhatsApp, tun Nuwamba 2020 akwai Manage storage a ƙarƙashin Storage and data. Yana ware abin da ya wuce megabait 5 da wanda aka yi ta turawa, kuma yana nuna wace hira ce ta fi cin wuri. Yawanci nan za ka ga bidiyon guruf ne suka cinye mimorin, hotunan shanu ba su ci komai ba.

Masu iPhone, daga iOS 16 ta 2022 akwai Duplicates a cikin Photos. In ka danna Merge, zai riƙe mafi inganci ya tura sauran shara.

Google Photos kuma a kula da ita sosai. Tun 1 ga Yuni 2021 ta daina ajiya kyauta mara iyaka, gigabait 15 ne ake rabawa tsakaninta da Gmail da Drive. In ka goge hoto a cikinta, ya tafi daga waya, ya tafi daga intanet. Mai son sauke nauyin waya kawai, Free up space zai danna, shi ne ke cire abin da ya riga ya hau. Albam ɗinta kuma ba kwafi ba ne: ko ka sa hoto a albam goma, wuri ɗaya yake ci.

Matakai bi da bi

1. Ka fara kwafe DCIM da WhatsApp Images gaba ɗaya zuwa kwamfuta, filashi ko wani katin. In ba ka da, masu gyaran waya irin na Wunti a nan Bauchi ko Computer Village a Ikeja suna yi, amma ka tsaya a kai, domin rasit da hotunan iyali ne a ciki.

2. Ka buɗe folda ɗaya ta ciniki, ka raba ta da shekara da wata, kamar 2024-06. Wannan tsari yana jera kansa daidai. Ka kwafa rasit, lambar mota da hoton fenti a ciki. Kwafa na ce, kada ka ɗauke su daga foldar WhatsApp, in ba haka ba hirar za ta nuna dishi-dishi, kuma ba kullum hoton ke sake saukowa ba.

3. Ka goge manyan bidiyo da abin da aka yi ta turawa.

4. Ka share kwafi sak da Files by Google, kana duba hanyar foldar kowanne.

5. Sai Sent. Hoton da asalinsa ke DCIM kana iya gogewa, amma na cinikin da ba a gama biya ba, ka bar shi. Hirar ita ce ke nuna wa ka tura wa, da yaushe.

6. Tsohuwar folda kada ka goge ta don suna ya zo ɗaya. Ka duba yawan fayil da kwanan wata a kowacce, ka haɗe su, sannan ka cire wadda ta zama fanko.

7. Ka bar shara ta yi mako kafin ka zubar.

Ga masu kwamfuta

Masu ɗaukar hoton biki da masu shagon wankin hoto suna da dupeGuru da digiKam, duka kyauta, suna gano har masu kama. Mai aiki da Lightroom Classic ya sani cewa manhajar rajista ce kawai take riƙewa ta inda hoto yake. In ka matsar da folda ko ka canja mata suna daga waje, sai ta sa alamar tambaya ta ce ta ɓata. Daga cikinta ake matsarwa. Lokacin shigo da hotuna kuma a kunna Don't Import Suspected Duplicates.

Yadda za ka hana su dawowa

Ka kashe saukar hoto da bidiyo ta kai tsaye a Media auto-download, ka riƙa sauke abin da kake so da hannu, datarka ma ta huta. Hoto mai muhimmanci ka tura shi a matsayin Document, zai isa da ingancinsa da kwanan watansa. Ka daina sikirinshot ɗin abin da ke wayarka. Duk ƙarshen wata, ko bayan an sauke lodi an gama lissafi, ka zauna minti goma ka kai shaidun cikin foldarsu, musamman gabanin Babbar Sallah da hotuna ke yawa.

Wanda ya iya, ya taimaka wa dattawan kara da ba sa karanta Turancin waya, a gabansu, suna gani. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.