Hular Maiduguri: Daga Zanen Biro Zuwa Aikin Kwamfuta

Ɗinkin hula a Maiduguri sana'a ce da ba mutum ɗaya ke gama ta ba. Tun kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, hula guda kan bi ta hannu huɗu ko biyar: mai yanka farin yadi, mai zane, mai ɗinkin jiki, mai ɗinkin kai, sai mai wanki da zai sa mata sitaci, ya kifa ta a kan gungumen itace ta bushe a tsaye. Sau da yawa waɗannan mutane ba su ma san juna ba. Dillali ne ke zirga-zirga tsakaninsu da zare da kuɗin aiki.

Garin kansa ba tsoho ba ne. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, masu sana'a suka biyo fada, kamar yadda aka saba a Borno tun zamanin Kukawa. Hular ta yi suna a faɗin ƙasa a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Borno kuma ministan tarayya, ya riƙa fitowa da ita har aka laƙaba mata sunansa. Yau ko a Kano ko a Zariya, da an ce "Zanna" an san hular da ake nufi.

Ƙashin bayan sana'ar shi ne zane. Mai zane kan shimfiɗa yadin, ya ja layuka da biro, ya raba shi gida-gida, ya nuna inda kowane launi zai zauna. Daga nan sai allura, rami bayan rami, mako biyu, mako uku, mai ƙananan ido kuwa wata guda ko fiye. Salo-salo na da sunayensu, irin su Bangwal da Kindai da Damanga, kuma zane ba ya zama wurin mai shi: a gan shi a kan wani ranar Juma'a, kafin wata ya zagayo an kwafe shi a wata unguwa.

A watan Satumba na 2014 Boko Haram ta kama Bama, garin da ya shahara da wannan ɗinki. Dubban mutanensa suka kwararo Maiduguri, wasu gidajen dangi, wasu sansanoni irin na Dalori. Wanda ya bar gona da shago bai bar gwanintar yatsunsa ba, kuma jarin hula bai wuce allura da zare da ƙyalle ba. Mata da 'yan mata da yawa da ita suka ci abinci a waɗannan shekaru, hular Bama kuma ta ƙara cika kasuwa.

Injin ɗinki mai kwamfuta ya shigo ta ƙofar kaftani da babbar riga, shi ne teloli ke kira aikin kwamfuta. Ana tsara zanen a manhaja irin Wilcom, a ƙayyade inda allura za ta soka da lokacin sauya zare, a adana shi, galibi a tsarin DST na kamfanin Tajima na Japan, a zuba a filashi a jona wa injin. Injin mai kawuna da yawa kan fitar da zane ɗaya a kan yadi da dama lokaci guda. Wanda zai fara ba lallai ya mallaki inji ba; ya iya tsara zane kawai, ya tura ta WhatsApp ga mai inji a Kano, a dawo masa da kaya a motar haya. Tsohon tsarin nan ne na mai zane daban, mai ɗinki daban, sai dai yanzu waya ta karɓi rabin tafiyar dillali. Masu ɗinkin hannu ma sun amfana: mai saye a Abuja ko Njamena yakan ga hoto a Facebook ko Instagram, ya zaɓi launi, ya faɗi lambar girman kansa, ya tura kuɗi ta banki.

Sai dai sabbin kayan aikin sun dogara da abubuwa biyu da Maiduguri ta sha rasawa. A watan Mayu na 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno na tsawon watanni. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya daɗe a duhu, sai a Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai ƙarfin megawat 50. A irin wannan hali injin kwamfuta sai da janareta ko sola, abin da ke ƙara tsadar aiki, alhali mai allura hasken rana a gindin dalbejiya ya ishe ta.

Shi ya sa har yanzu hular inji da ta hannu ke zaune kafaɗa da kafaɗa a Kasuwar Monday, kowace da kuɗinta. Ta inji ta fi araha nesa ba kusa ba. Gogaggen mai saye kan juya hula ya duba cikinta: ɗinkin inji a jere yake tsaf kamar an auna, na hannu kuwa ana ganin inda zare ya ƙare aka ƙulla sabo.