Loupe

Loupe manhaja ce ta kallon hotuna a kwamfutocin da ke aiki da Linux. An rubuta ta da harshen Rust, kuma ita ce ta maye gurbin tsohuwar manhajar Eye of GNOME a GNOME, wato tsarin fuskar kwamfuta na Linux, tun fitowar GNOME 45 a watan Satumba na 2023.

Abin da ya fi fito da ita shi ne yadda take amsa motsin yatsu a kan faifan taɓawa na laftof, wato ɗan filin nan da ke ƙasan madannai. Idan mutum ya ɗora yatsu biyu ya ware su, hoto zai ƙara girma. Idan ya matse su, hoton zai ƙanƙance. Murza yatsun kuwa yana juya hoton, jan su hagu ko dama kuma yana kawo hoto na gaba ko na baya. Hoton yana bin yatsun sau da ƙafa, ba sai an ɗaga hannu ba, kuma wannan ne ya sa aikin ke da daɗi, kamar a wayar hannu.

Ba Loupe ce ke gane motsin da kanta ba. Wani ɓangare na tsarin kwamfutar mai suna libinput ne ke tantance yawan yatsu da inda suka nufa, sannan saƙon ya iso ga manhajar ta hanyar tsarin nuni na Wayland da kayan gina manhajoji na GTK 4. A X11, tsohon tsarin nunin da ya gabaci Wayland, sai a 2021 aka samu damar isar da irin wannan saƙo, da fitowar X.Org Server 21.1.