Yadda itace ya dawo gonakin Aguié

Jama'a, lokacin yunwar 1984 an riƙa ba manoman jihar Maradi cimaka don su bar tohon kututture a gona, dabarar Tony Rinaudo. Da rabo ya ƙare, da yawa sunka sare itacen. Waɗanda sunka bar nasu kuwa, maƙwabta na kallo: ga makamashi, ga inuwa, hatsi bai ragu ba. Hirar kasuwa da ta wurin gayya ce ta kai sassabin zamani garuruwan da porje bai taɓa takawa ba.

Saura masu saran dare. A Ɗan Saga sai anka kafa komitin tsaro, har da mata da Fulani makiyaya. Sa makiyayi ciki dabara ce babba, don bisashensa na cin 'ya'yan gawo, su bar taki da iri a gona.