Koyar da Ilmin Laburare a Nijeriya: Wane Mai Karatu Aka Nufa?

Manufar wannan maƙala ita ce waiwayen tarihin horar da ma'aikatan laburare a Nijeriya, domin a gane irin mai karatun da aka shirya su su yi wa hidima.

A shekarar 1953 Hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka. Daga bisani Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour ya yi bincike a 1957, kuma rahotonsa ne ya haifar da makarantar laburare ta Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda ta soma karatu a 1960. A Arewa kuwa, sai a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a Zariya, bayan rahoton F. A. Sharr na 1963.

Manhajar da aka fara da ita aro ce daga Ingila da Amurka, kayan aikinta ma haka. Dubi tsarin Dewey na rarraba littattafai: Kiristanci ya mamaye lamba 220 zuwa 280, Musulunci kuwa aka cusa shi cikin 297. Ingilishi na da 420 sukutum, alhali ɗaruruwan harsunan Afirka suna cunkushe a 496. Ɗalibin da ya ƙware a wannan tsari zai iya jera kanta tsaf, amma idan aka miƙa masa waƙar ajami daga gafakar wani malami, ko kaset na maroƙi, sai ido ya raina fata. Ba rashin kayan ba ne, domin tun cikin shekarun 1950 W. E. N. Kensdale ya tsara jerin rubuce-rubucen Larabci na laburaren Ibadan. Abin dai bai zama ginshiƙin darasi ba.

A ganina, gyara mafi ma'ana shi ne wanda Farfesa Olabimpe Aboyade ta jagoranta a 1981, lokacin da sashen Ibadan ya kai laburare ƙauyen Badeku. Akasarin mutanen wurin manoma ne marasa karatun boko, saboda haka aikin ya koma sauraron tambayoyinsu, da nemo amsa, da mayar da ita cikin Yarabanci da baki. A nan ma'aikacin laburare ya zama tafinta, kuma sanin harshen jama'a ya zama sharaɗin aiki, abin da ya kamata sassan harsunan Nijeriya su lura da shi.