Ɗigon da Ya Gagari Lissafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu fasa dutse a gefen garin Dutse ya ga abin mamaki: guduma kaɗai ba ta cika raba falalen dutse ba, amma da an kafa ƙarfe mai tsini aka doka, sai ya tsage. Ƙarfin hannun bai ƙaru ba, wurin da ya sauka ne ya ƙanƙance. Matsi dai ƙarfi ne da aka raba bisa faɗin wuri. To, idan faɗin ya zama sifili fa?

Lord Kelvin ya tunkari wannan tambaya a 1848, sannan Bafaranshe Joseph Boussinesq ya warware ta a 1885 dangane da nauyin da aka ɗora a ɗigo ɗaya bisa doron ƙasa. Lissafinsa ya nuna cewa duk lokacin da ka rage rabin tazararka da ɗigon, matsin zai ninka sau huɗu. A kan ɗigon kuwa ba shi da iyaka, haka ma lotsawar wurin. A 1952 M. L. Williams ya nuna cewa kusurwa mai kaifi, irin ta taga, tana da wannan hali. Shi ya sa tsagar bango kan faro daga can.

A 1960 Ray Clough na Jami'ar Kaliforniya ya raɗa suna ga dabarar da injiniyoyi ke dogaro da ita yau, wato a yayyanka gini ko gada gutsi-gutsi kamar raga, kwamfuta ta lissafa kowane yanki. A bisa ƙa'ida, ƙara matse ragar yana kusantar da amsa ga gaskiya. Amma inda aka ɗaure jiki ko aka loda masa kaya a ɗigo ɗaya, adadin matsin sai ya yi ta hauhawa ba tsayawa, ɗaurin kuma ya riƙa sassautawa har ya zama kamar babu shi. Kwamfutar ba ta yi kuskure ba, tsohuwar amsar Boussinesq take bi sau da ƙafa.

Haɗarin biyu ne. Injiniyan da ya gaskata adadin zai zuba rodi da siminti inda ba a bukata. Wanda ya saba kau da kai daga jan launin allo kuma, wata rana zai tsallake ja na gaske.

Mafita ta girmi kwamfuta. Tun 1855 Saint-Venant ya lura cewa da an ɗan nisanci inda kaya ya sauka, jiki ba ya damuwa da yadda aka ɗora shi, jimlar nauyin kawai yake ji. Don haka a karanta amsa nesa da ɗigon. Idan kuwa wurin kansa ake son sani, a ba shi faɗinsa na zahiri, domin ko tsinin mai fasa dutse yana da faɗi.