Wasan da Ya Ɓata a Ingila, Aka Tsince Shi a Jos

Mai karatu, a da in wasan telebijin ya wuce ka, shi ke nan. A Ingila, gidan BBC ya soma nuna wasan Doctor Who a 1963. Zaren ɗaukar hoto na da tsada. Sai a goge tsohon wasa, a ɗauki sabo bisa. Haka kashi da yawa suka ɓata.

A 1996 faifan DVD ya fito a Japan. Mutane suka shiga sayen tsoffin wasanni, suna sake kallo a gida. To, wanda aka goge fa?

A 2013 aka ba da labarin an gano kashi 9 a wani gidan telebijin na Jos, cikin Nijeriya. Tun da daɗewa aka aiko su can. Aka gyara su, aka sa a faifai.

Kai ma, tsohon kaset ɗin da ke akwatinka, kada ka yar.