Amsoshin Takardunku: Tarihin Land Rover da Masu Tayar da Ita a Gida

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Jos, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa saboda maganar ta shafi gado. Ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu tsohuwar Land Rover, yau fiye da shekara 10 tana kwance a gindin mangwaro, tayoyi sun sace, kaji na saka ƙwai a mazaunin direba. 'Yan'uwansa sun ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a raba kuɗin, shi kuwa ransa bai so ba. Yana son jin tarihin motar, da kuma ko gaskiya ne a Ingila mutum yakan wargaza irinta a garejin gidansa ya sake haɗa ta. In gaskiya ne, shi ma zai iya? Kuma ya dace ya sa mata injin dizal na zamani?

AMSA: To Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, ya kyautata namu zuwan. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba, don ita kanta Land Rover ta farko haka aka same ta. Tsohuwar mota aka tuɓe wa jiki aka ɗora mata wani.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin yaƙin duniya na biyu, kamfanonin Willys da Ford na Amurka sun ƙera wa soja ƙaramar motar nan Jeep wajen 640,000. Da aka gama yaƙi a 1945 sai aka yi gwanjon waɗanda suka rage, ɗaya ta faɗa hannun Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin motoci na Rover, wanda ke da gona a tsibirin Anglesey na yankin Wales. Da ita yake ja, da ita yake ɗauka, da ita yake shiga taɓo. Wansa Spencer Wilks shi ne manajan kamfanin, kuma a lokacin kamfanin yana cikin tsaka mai wuya. Gwamnati ce ke rabon ƙarfe, tana ba kowane kamfani gwargwadon abin da yake sayarwa ƙasashen waje, alhali Rover motocin manya yake yi, irin na likitoci da lauyoyi, waɗanda ba su da kasuwa sosai a waje. Ga kuma ƙatuwar masana'anta a Solihull kusa da Birmingham, wadda aka gina don injunan jiragen yaƙi, tana neman aiki. An ce a kan yashin bakin teku, a wani wuri da ake kira Red Wharf Bay, Maurice ya fara zana wa wansa siffar motar da zai yi a madadin Jeep ɗinsa.

Cikin 1947 aka haɗa ta gwaji. Shasi na Jeep ne, watau firam ɗin ƙarfen nan da komai na mota ke zaune a kai, aksil ma na Jeep, sai aka sa injin motar Rover, aka dasa sitiyari a tsakiya kamar tarakta. Sitiyarin tsakiyar bai je ko'ina ba, aka watsar da shi. Ranar 30 ga Afrilu 1948 aka nuna motar a bikin baje kolin motoci na Amsterdam, kuɗinta fam 450, da inji mai lita 1.6. Da farko ma ƙofa da tamfol na rufi sai mutum ya ƙara kuɗi.

Yanzu a kula da nan, don a nan amsar tambayarka take. Rashin kuɗi da rashin ƙarfe su suka tsara motar. Tunda an ɗauka shekara biyu ko uku za a yi ana sayar da ita kafin kasuwa ta gyaru, ba a yarda a kashe kuɗi wajen sayen manyan injunan matse ƙarfe ba. Saboda haka shasin, falankin ƙarfe huɗu aka riƙa haɗawa da walda su zama kamar dogon akwati. Jikin kuwa aka yi shi da sanholo, watau alminiyam, wanda ba a yi masa tsananin rabo irin na ƙarfe ba, kuma aka bar shi shimfiɗaɗɗe, lanƙwasa kaɗan, yadda maƙeri zai iya bugawa da hannu. Sannan aka ɗaure kowane ɓangare da noti. Rufi daban, ƙofofi daban, akwatin baya daban, murfin tayoyin gaba daban. Abin da aka ɗaure da noti kuwa ai sifana tana kwance shi. Motar da aka yi don rage zafi sai ga shi cikin 'yan shekaru ta fi motocin manyan kasuwa, aka yi ta ƙera zuriyarta a Solihull har ranar 29 ga Janairu 2016, fiye da miliyan 2. Saboda sauƙin haɗin nan ne ma aka riƙa aika ta a wargaje cikin akwatuna ana haɗawa a Beljiyam da Sifen da Ostareliya da Afirka ta Kudu, har da Nijeriya, inda 'yan sanda da ma'aikatan gona da na asibiti suka sa kowa ya san Landiroba.

Ba ka faɗa mana wace iri ce taku ba, amma za ka iya ganewa da ido. Series II ta fito a 1958, ita ce ta zo da injin fetur mai lita 2.25 wanda aka daɗe ana yayi. Series IIA ta biyo baya a 1961, Series III kuma a 1971 har zuwa 1985. In fitilun gaba suna tsakiya kusa da juna, a jikin ragar lagireto, to ba ta wuce ƙarshen shekarun 1960 ba. In ragar ta roba ce, agogunan kuma suna gaban direba maimakon tsakiya, Series III ce. Gajeruwa inci 88 ce tsakanin tayar gaba da ta baya, doguwa inci 109. Ka duba sitiyari ma: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, don haka in sitiyarin yana dama, akwai alamar ta riga wannan shekara shigowa. Daga 1983 aka shiga sabon zubi mai sifirin naɗaɗɗe, wanda aka raɗa wa suna Defender a 1990. Defender ta yanzu da ake yi a Sulobakiya suna kawai suka haɗa, ba ta da shasi daban, kuma ba motar sifana da guduma ba ce.

Game da ko mota takan tashi bayan ta mutu, bari mu ba ka labari guda. Ranar 1 ga Satumba 1955 ɗalibai shida na jami'o'in Oxford da Cambridge suka bar London da Land Rover biyu, suka isa Singafo a watan Maris 1956, tafiyar mil wajen 18,000. Wadda ake kira Oxford daga baya ta bi masu nazarin tsuntsaye zuwa tsibirin Ascension, ta ƙare a tsibirin Saint Helena can tsakiyar tekun Atlantika, inda ta shekara da shekaru a wargaje. A 2017 wani mai sha'awar motar daga Yorkshire ya kwaso ta ya mai da ita Ingila, aka sake haɗa ta, kuma a 2019 ta taso daga Singafo da ƙafarta ta koma London. To ka ga taku ta gindin mangwaro ba ta kai wannan lalacewa ba, in Allah ya so.

Sai dai akwai inda motar ke yaudarar mutane. Sanholo ba ya tsatsa, shi ya sa za ka ga mota ta shekara 50 jikinta garau, alhali abin da ke ɗauke da ita ya ruɓe. Ƙarfe a wuri biyu yake: shasi, da bangon nan da ya raba inji da mazaunin direba, wanda ƙofofi da gilashin gaba da fedoji duk a jikinsa suke rataye. A Ingila gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi shi ke cinye su. A wajenku gishiri ba shi ne matsala ba, sai lakar damina da ke shiga cikin akwatin shasin ta kwanta tana ci daga ciki, da kuma tsagewa saboda lodi da gargadar hanya. Kafin ka kashe ko kwabo, ka sa a jawo ta fili a wanke ƙarƙashinta, ka shiga da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani wurin ma gudumar ta shige. Ka fi matsa wa ƙarfen da ya gitta a can baya inda ake ɗaura tirela, da hannuwan da suka fito gefe suna tallafe da jiki, da inda sifirin ke rataye, da ƙarƙashin ƙafar direba. Inda kuma ka ga farin gari a jikin sanholo kusa da noti, wannan ciwon haɗuwar sanholo da ƙarfe ne cikin danshi, wajen mayarwa sai an raba su da fenti ko roba.

Su Turawan da kake tambaya, yawancinsu ba makanikai ba ne, malaman makaranta ne da manoma da 'yan fansho. Sukan cire rufi da ƙofofi da gaba, mutum huɗu su ɗaga akwatin baya su ajiye gefe, a sa sarƙa a zare inji da giyabos, har ya rage shasi tsirara a kan tayoyi. In na gyaruwa ne a yanke ruɓaɓɓen a yi walda. In ya wuce gyara sai su sayi sabo, don har yanzu akwai ƙananan kamfanoni a Ingila da ke ƙera shi su tsoma cikin narkakkiyar tutiya don kada ya sake tsatsa. Wargazawa kwana kaɗan ce, mayarwa ita ke cin shekara ɗaya ko biyu, kuma garejin da yawa a can cike suke da motocin da aka kwance aka kasa mayarwa. Abin da ke kashe aikin ba wuyarsa ba ce, mantuwa ce da ƙarewar kuɗi. Ka ɗauki hoton kowace waya kafin ka cire, notin kowane ɓangare a gwangwaninsa da rubutu. Kuma ka sani notin motar ba ma'auni ɗaya ba ne, akwai tsohon ma'aunin Ingila na Whitworth, akwai na inci, na baya-bayan kuma akwai na milimita. Yaron gareji da sifanar motar Japan zai murje maka kawunansu a wuni guda.

Maganar inji kuwa, ra'ayinmu kada ka fara da ita. Canza wa Land Rover inji tsohuwar al'ada ce. A Ostareliya an sha sa mata injin Holden mai silinda shida, a Ingila kuma sun fi son dizal ɗin kamfanin mai suna 200Tdi, wanda ke ba da ƙarfin doki 107 a Defender, alhali tsohon injin fetur ɗin wajen 70 yake bayarwa. To amma giyabos da sandunan da ke juya tayoyin baya an yi su ne daidai ƙarfin tsohon, in aka ƙara musu kaya sai su riƙa karyewa, birkin kuma na ganga ne, ba a yi shi don gudu ba. Shi kansa kamfanin da ya sa wa doguwar Series III injin V8 a 1979, sai da ya ba ta giyabos na Range Rover, sannan ya shaƙe injin ya dawo da shi ƙarfin doki 91. Tsohon injin nan mai lita 2.25 yana shan mai, ba mu musa ba, amma ba shi da na'urar kwamfuta ko ɗaya, kuma sau da yawa wanda ya daɗe a ajiye, in bai kafe ba, sabon baƙin mai da fulogi da wankin kafireto sukan tashe shi. Kuɗin farko a kai shi birki: bututu, robobi, man birki, duka sabbi. Sai sitiyari, sai wayoyin wuta, don ɓeraye ba sa barin su. In ta tashi, ka tuna ƙullin rawaya da jan liba na giyar taya huɗu na yashi da taɓo ne, in aka bar su a kan kwalta giyabos ke ji a jikinsa.

Sauran abu biyu, kuma sun riga sifana. Na farko, motar ta magada ce. A kira wanda ya san kan mota ya yi mata kuɗi a gaban kowa, ba kuɗin kilo ba, ka biya 'yan'uwanka rabonsu a rubuce da shaidu, kada sai ta fito tana ƙyalli a ce ta gado ce. Na biyu takardu. Hukuma da lambar shasi ta san mota. A Birtaniya an daɗe ana aiki da tsarin maki kafin a sauya shi a 2025, inda mota ke buƙatar maki 8 ta riƙe tsohuwar lambarta, shasi kaɗai yana da 5, inji kuwa 1 tak. Don haka in za ka canza shasi ko inji, ka fara zuwa ofishin lasisi ka ji ƙa'idarsu.

Lambar tana kan ɗan faranti a jikin bangon nan na gaban direba, an kuma buga ta a kan shasi, gaba ta hannun dama, inda sifirin ke rataye. Sai ka kankare da burushin waya kafin ta fito. Gidan tarihin motoci na Birtaniya da ke Gaydon yana riƙe da littattafan masana'antar, kuma da wannan lamba sukan ba mutum takardar shaidar ranar da aka ƙera motarsa da inda aka aika ta. Ka kwafo ta ka sake rubuto mana, tare da abin da gudumar ta gaya maka.